Tayar babban babur na doguwar tafiya: me ya sa dacewar girma kaɗai ba ta isa ba?

Idan tayar babban babur ta cinye, tambayar da mai shi ya fi yi ita ce: wace taya ce ta fi daɗewa? Masu Honda Gold Wing suna yin ta, masu Harley-Davidson Electra Glide suna yin ta, haka ma masu BMW K1600 da R1250RT. Dalilin a fili yake. Tayar irin waɗannan babura tana da tsada, cire ƙafar baya aiki ne mai cin lokaci saboda akwatunan kaya da salansa sun rufe ta, kuma mutumin da ke cin dubban kilomita a wata ba ya son komawa gareji kowane lokaci. Daga nan ra'ayi ya rabu. Wasu na cewa duk tayar da lambar girmanta ta yi daidai ta wadatar. Wasu na ƙara faɗi don neman riƙo. Wasu ma sun koma sa tayar mota a ƙafar baya.

A ganina an fara tambayar daga wutsiya. Abin da ya kamata a fara sani shi ne: wannan tayar za ta iya ɗaukar nauyin babur da direba da goyo da kaya, tana gudu a kan kwalta mai zafi awa huɗu ko biyar ba tsayawa? Sai an amsa wannan sannan a zo batun daɗewa da farashi.

Nauyin da ake magana a kai

Gold Wing GL1800 na shekarun 2001 zuwa 2017 nauyinsa da mai a tanki yana kewayen kilo 400. Wanda aka sake ƙerawa a 2018 an rage masa jiki, amma samfurin Tour har yanzu yana kusan kilo 380. Harley-Davidson Ultra Limited ya haura kilo 400. BMW K1600 GTL yana wajen kilo 350. Wannan kafin kowa ya hau ke nan. Abin da kamfanonin suka yarda a ɗora a kan yawancin waɗannan babura, mutane da kaya gaba ɗaya, bai wuce kilo 200 da ɗan kaɗan ba. Adadin yana cikin littafin babur, kuma cikakken nauyin da aka amince da shi yana rubuce a tambarin da ke jikin firam.

Mu yi lissafi da misali. Babur mai kilo 400, direba mai kilo 90 da kayan hawansa, goyo mai kilo 70, kaya a akwatuna kilo 30: jimla kilo 590. Wannan nauyi ba ya rabuwa biyu daidai. Goyo yana zaune kusan a saman ƙafar baya, akwatin sama ma yana bayan ƙafar ne. Idan aka ce kashi 60 cikin ɗari ya sauka a baya, tayar baya tana ɗauke da kilo 354. Tayar baya ta asali a GL1800 an ƙera ta ne don kilo 375. Rarar da ta rage ba ta fi kilo 21 ba. A ƙaramin babur mutum zai iya yin kuskure wajen zaɓen taya bai ma sani ba, domin rarar tana da yawa. A nan babu wannan sararin.

Yadda ake karanta rubutun gefen taya

A gefen tayar baya ta GL1800 za ka ga 180/60R16 74H. Lamba 180 faɗin taya ce a milimita. Lamba 60 na nufin tsayin gefen taya kashi 60 cikin ɗari ne na faɗinta. Harafin R na nuna irin saƙar cikinta, 16 kuma faɗin rim ne a inci. Yawancin masu saye a nan suke tsayawa, alhali abin da ya rage shi ne ya fi shafar mai babban babur.

Lamba 74 ita ce lambar lodi. Ba kilo ba ce kai tsaye, sai an duba jadawali wanda dukkan masu ƙera taya suke aiki da shi. A jadawalin, 58 na nufin kilo 236, 63 kilo 272, 65 kilo 290, 73 kilo 365, 74 kilo 375, 77 kilo 412, 81 kuma kilo 462. Gold Wing na 2018 zuwa sama yana da 200/55R16 77H a baya. Manyan Harley na tafiya sun daɗe suna fitowa da 180/65B16 81H. Kana iya samun tayoyi biyu masu girma ɗaya, duka su hau rim ɗaya lafiya, amma tsakanin lodinsu akwai tazarar gomman kilo. Ƙa'idar ba ta da wuya: lambar lodin sabuwar taya ta yi daidai da wadda kamfanin babur ya rubuta ko ta fi ta, kada ta gaza ko da maki ɗaya.

Harafin ƙarshe na gudu ne. H na nufin har kilomita 210 a awa, V 240, W 270. Inda aka ga ZR a tsakiyar lambar, kamar 190/55ZR17 na K1600, tayar an yi ta ne don gudun da ya wuce 240. Mutane kan ce ai ba za su taɓa yin irin wannan gudu ba, don haka harafin bai dame su ba. Amma harafin yana kuma nuna yadda tayar ke jure zafin da ke taruwa a cikinta, kuma zafi ne babban abin tsoro ga mai nauyi ko da gudunsa matsakaici ne.

Batun ƙara faɗi kuwa, ba na ganin amfaninsa. Taya mai faɗi idan aka matsa ta a kan rim ɗin da bai kai ta ba, bayanta yana ƙara lanƙwasa, sai wurin da ke taɓa ƙasa ya canza siffa, wani lokaci ma ya ragu. Tana iya gogar bel ko hannun da ke riƙe ƙafar baya, musamman da yake taya na ɗan kumbura idan ta yi zafi. Idan kuma tsayinta ya bambanta, lissafin birkin ABS (mai hana ƙafa kullewa) da na'urar hana santsi da agogon gudu duk an gina su ne a kan girman asali.

Zafi da iska

Iskar da ke cikin taya ita ke ɗaukar nauyi, roba da zaren da aka saƙa a cikinta aikinsu su riƙe iskar su ba ta siffa. Kilo 375 ɗin da lamba 74 ta yi alkawari sai an cika tayar da iskar da aka rubuta a gefenta. Idan iska ta ragu, ƙarfin ɗaukar ya ragu tare da ita.

Ga abin da ke faruwa a hanya. Duk juyi ɗaya, ɓangaren tayar da ya zo ƙasa yana lotsawa, sannan ya miƙe idan ya tashi. A gudun kilomita 110, wannan lotsawa da miƙewa na faruwa fiye da sau goma a daƙiƙa ɗaya, kuma kowace lanƙwasa tana haifar da zafi a cikin zaren. Nauyi mai yawa ko iska kaɗan na ƙara zurfin lotsawar. Zafin ya yi ta taruwa har ya fara raba shimfiɗun roba da zare daga juna. Daga waje ba a ganin komai, wataƙila sai ɗan kumburi, har ranar da tayar za ta fashe. Fashewar tayar baya a babur mai rabin tan, da mutum biyu a kai, ba abu ne da gwaninta ke yawan ceto ba.

Shi ya sa nake ganin ma'aunin iska mai kyau ya fi sunan kamfanin taya muhimmanci. A ma'aunin ƙarfin iska da ake kira psi, GL1800 yana son 36 a gaba, 41 a baya. Manyan Harley na tafiya 36 da 40. BMW RT 36 da 42. A bi abin da littafin babur ya ce, a kuma auna kafin a tashi, lokacin da tayar take da sanyi. Bayan tafiya ma'auni zai nuna ƙari, kuma wannan ƙarin daidai ne, kada a rage shi. Lambar da ke gefen taya ita ce iskar da tayar ke buƙata don cikakken lodinta, ba umarnin yau da kullum ba ne ga kowane babur. Na'urar lura da iska da ke cikin sababbin babura tana taimakawa a kan hanya, amma da yawa ba sa nuna komai sai ƙafa ta fara juyawa, wasu kuma ba sa gargaɗi sai iskar ta riga ta yi ƙasa sosai.

Radiyal ko mai saƙar giciye

Harafin R na nufin radiyal: zaren cikin taya ya tashi daga baki ɗaya zuwa ɗaya a miƙe, sannan an ɗora ɗamara a ƙarƙashin zane. Inda aka ga ɗan layi a maimakon harafi, zaren an shimfiɗa shi ne a karkace, shimfiɗa a kan shimfiɗa suna giciye juna. Harafin B irin wannan saƙar giciye ce da aka ƙara wa ɗamara. Radiyal ta shigo babura a shekarun 1980, kuma saboda ita ce sabuwa mutane da yawa sun ɗauka ita ce mafi kyau a ko'ina.

Kowacce da inda ta fi. Radiyal ba ta tara zafi sosai, tana shimfiɗuwa a ƙasa da kyau, tana kuma dacewa da tayoyi masu faɗi da gajeren gefe da gudu mai yawa. Mai saƙar giciye gefenta ya fi kauri da tauri, yana jure lodi, kuma tsayin gefen na shanye ramuka. Wannan ne ya sa Harley ya daɗe yana fitar da manyan baburansa na tafiya da tayar B, Honda da BMW kuma suka tafi radiyal. An gwada firam da shokozoba da rim na kowane babur da irin tayar da ya fito da ita. A tsaya a kan irinta. Haɗa radiyal a ƙafa ɗaya da ta giciye a ɗaya ba a yin sa sai inda kamfanin babur da kansa ya tsara haka, domin biyun ba sa lanƙwasa iri ɗaya, kuma bambancin yana fitowa ne a matsayin rawar kai a gudu ko a tsakiyar kwana.

Haruffan da ke bayan sunan taya

Akwai wani tarko da ya fi kama masu BMW RT da K1600 da Yamaha FJR1300 da makamantansu. Girman tayarsu, 120/70ZR17 a gaba da 180/55ZR17 ko 190/55ZR17 a baya, shi ne girman da baburan tsere da ƙananan baburan gari masu kilo 200 suke amfani da shi. Kasuwa cike take da tayoyi masu wannan lamba, kuma duk za su hau.

Saboda haka ne kamfanoni ke fitar da samfuri biyu na taya ɗaya. Michelin yana da Road 6 da Road 6 GT. Bridgestone yana da T32 da T32 GT. Metzeler ya sa wa nasa na Roadtec 01 haruffan HWM, Pirelli kuma yana sa harafin A a kan Angel GT na manyan babura. Abin da ke rikita mutane shi ne lambar lodin samfurin biyu sau da yawa ɗaya ce, zanen ma ɗaya ne. Bambancin yana cikin gangar jiki: an ƙara wa ta manyan babura ƙarfin zare don kada ta riƙa lanƙwashewa a ƙarƙashin nauyi. Wanda ya sa samfurin da ba a ƙara wa ƙarfi ba a babur mai kilo 350 bai karya doka ba, amma zai iya jin babur yana lilo a doguwar kwana idan da goyo, kuma tayar za ta cinye ba daidai ba. Kowane babban kamfanin taya yana da jadawalin da ke nuna wane samfuri ya amince da shi ga wane babur. Duba shi minti biyu ne.

Ga Gold Wing da Harley kuwa an yi musu tayoyinsu na musamman, irin su Bridgestone Exedra, Dunlop Elite 4 da American Elite, Michelin Commander III Touring, Metzeler ME888. A nan ma a lura: Commander III tana da samfurin Cruiser da samfurin Touring, ba abu ɗaya ba ne.

Daɗewa da riƙo

Sai yanzu muka iso tambayar da aka fara da ita. Roba mai tauri tana daɗewa, mai laushi tana riƙe kwalta, musamman idan an yi ruwa ko da sanyin safiya. Babur na doguwar tafiya yawancin rayuwarsa a miƙe yake, don haka tsakiyar tayar baya ke cinyewa ta zama shafaffiya, gefe kuma yana nan kamar sabo. Da zarar ta yi haka, shiga kwana sai da ƙarfi, sannan babur ya faɗa ciki gaba ɗaya idan ya haye kusurwar da ta samu.

Maganin da masu ƙera taya suka samo shi ne roba iri biyu a taya ɗaya, mai tauri a tsakiya, mai laushi a kafaɗu, tare da ƙara sinadarin silika wanda ke inganta riƙo a jiƙaƙƙiyar hanya. Yawancin tayoyin tafiya na zamani haka suke, kuma sun rage tsananin zaɓin da ake yi a da. Duk da haka, kilomitan da wani ya ce tayarsa ta ci ba ma'auni ba ne gare ka. Nauyinsa, irin kwaltar da yake bi, zafin yankinsa, yadda yake murɗa totur da yadda yake kula da iska duk sun shiga lissafin. Idan aka tilasta mini zaɓi tsakanin ƙarin kilomita da riƙo a ruwa, riƙon zan ɗauka. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu ba, kuma a kansa ne za a tsayar da kilo 600 idan mota ta shigo gabanka cikin ruwan sama.

Tayar gaba tata matsalar daban ce. Nauyin birki a kanta yake sauka, sai zanenta ya cinye tudu da kwari. Alamar ita ce ƙugi idan an kwanta a kwana, da girgizar kan babur idan an rage gudu. Ƙarancin iska na gaggauta wannan, haka ma shokozoba da ta gaji ko boris ɗin wuya da ya saki. Sabuwar taya za ta rufe matsalar na ɗan lokaci ne kawai idan ba a gyara tushen ba.

Masu sa tayar mota a baya

Wannan al'ada ta fi yawa a tsakanin masu Gold Wing a Amurka, domin rim ɗinsa na inci 16 yana karɓar tayar mota irin 195/55R16. Hujjojinsu ba na banza ba ne. Tayar mota ta fi araha, ta fi daɗewa nesa ba kusa ba, lambar lodinta ta fi girma, kuma akwai irin wadda ke iya ci gaba da tafiya ko iska ta fita. Masu jan tirela da babur sun fi kowa son ta. Da yawansu sun yi shekaru a haka lafiya, kuma suna faɗar gaskiyar abin da suka gani.

Amma babur da kwanciya yake juyawa, shi ya sa bayan tayarsa yake da zagaye, domin a kowace kusurwa a samu roba a ƙasa daidai gwargwado. Tayar mota shafaffiya ce, an yi ta don ta tsaya a miƙe. Idan babur ya kwanta a kanta, gefe ɗaya yana ɗagawa, nauyin ya koma kafaɗa da bangon da ba a ƙera don haka ba. A hanyar da ta karkace ko mai kwarin sawun manyan motoci, tayar tana bin siffar ƙasa tana jan babur da ita. Bakin tayar mota da mazauninsa a rim ɗin babur ma ma'auninsu ba ɗaya ba ne. Masu ƙera taya da masu ƙera babura duk sun hana. A Birtaniya babur mai ƙafa biyu da tayar mota ba ya cin gwajin lafiyar abin hawa na shekara, kuma a ko'ina kamfanin inshora na iya kafa hujja da ita bayan haɗari. Ban yarda da ita ba. Cewa mutum ya yi tafiya mai nisa lafiya yana nuna halin tayar a ranakun da komai ya tafi daidai, ba ya nuna halinta a ranar da za a kauce wa wani abu a tsakiyar kwana.

Shekarun taya

Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. A gefen taya, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 1824 na nufin mako na 18 na 2024. Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya wurin ƙwararre duk shekara bayan ta yi shekara biyar ana amfani da ita, kuma a cire ta idan ta kai goma daga ranar ƙira komai kyan zanenta. Taya sabuwa da ta yi shekara ɗaya ko biyu a ajiye a inuwa ba ta da laifi. Tayar hannu kuwa ba ka san ko an taɓa tafiya da ita ba iska ba, kuma irin wannan lahani a ciki yake ɓoye.

Zurfin zane ma yana da iyaka. A cikin ramukan zane akwai ƙananan tudu, idan suka yi daidai da saman taya ta ƙare. Doka ta bambanta: Birtaniya milimita 1 ga manyan babura, Jamus 1.6. Mai shirin tafiyar kilomita dubu uku bai kamata ya tashi da tayar da ke dab da iyaka ba, domin siririyar taya ta fi saurin kama ƙusa.

Ranar sakawa

Tayar baya takan riga ta gaba cinyewa, kuma ba laifi a canza ta ita kaɗai idan ta gaban tana da zane, ba ta tsufa ba, kuma samfurinsu ɗaya. An zana gaba da baya ne su yi aiki tare, siffar lanƙwasarsu da yadda suke korar ruwa. Mai son komawa wani samfuri ya fi kyau ya canza biyun lokaci ɗaya.

A tabbatar kibiyar da ke gefen taya tana kallon inda ƙafa ke juyawa, a yi wa ƙafar balans, a canza bawul na roba tare da tayar. Wannan ƙaramin abu ne da ake mantawa, alhali bawul da ya tsage yana zubar da iska gaba ɗaya cikin daƙiƙoƙi. Idan akwai na'urar lura da iska a cikin rim, a gaya wa makanike kafin ya sa ƙarfe. Faci kuwa, abin da masu ƙera taya ke yarda da shi, in sun yarda, shi ne ƙaramin huji a tsakiyar zane wanda aka cire taya aka gyara daga ciki. Igiyar da ake cusawa daga waje ta kai ka gareji ce kawai, huji a gefe kuma ba ya gyaruwa.

Sabuwar taya tana da santsi, siffarta ma ta bambanta da shafaffiyar da hannunka ya saba da ita, don haka babur zai fi saurin faɗawa kwana fiye da yadda kake tsammani. Kamfanoni na cewa a bi ta a hankali na kimanin kilomita 160 na farko, ba birki mai tsanani, ba murɗa totur da ƙarfi, ana ƙara kwanciya kaɗan-kaɗan. Washegarin sakawa a sake auna iska da sanyi, domin idan bakin taya bai zauna daidai ba ko bawul na yoyo, a nan zai nuna, kafin a ɗora goyo da kaya.